Sharhi a kan manhajar IBAT: me za ta iya yi wa ƙaramar hukuma wajen tantance ayyukan gini da kare mazaunin namun daji?

A ofishin tsara gari na ƙaramar hukuma ake yanke mafi yawan hukuncin da ke nuna ko wata fadama za ta ci gaba da zama fadama, ko kuwa za a cike ta da ƙasa a gina rukunin gidaje a kanta. Jami'in da takardar neman izini take isa gabansa yawanci injiniya ne ko masanin taswira, bai karanci ilimin tsuntsaye ko na kwaɗi ba, amma duk da haka ana sa ran ya faɗi ko aikin zai cutar da mazaunin namun daji kafin ya sa hannu. Rahoton da IPBES, kwamitin masana na ƙasa da ƙasa a kan halittu da muhallinsu, ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa nau'o'in halittu kusan miliyan ɗaya suna fuskantar barazanar ƙarewa, ya kuma sanya sauya amfanin ƙasa, wato mayar da daji da dausayi su zama gonaki da gine-gine da hanyoyi, a matsayin babban dalilin asarar halittu a tudu da cikin koguna da tafkuna. Saboda haka duk kayan aikin da ya yi alkawarin taimaka wa wannan jami'i ya san abin da ke zaune a fili kafin motar tona ƙasa ta shiga, ya cancanci a dube shi da idon basira.

IBAT manhaja ce ta intanet wadda ƙungiyoyi huɗu suka haɗa ƙarfi suke tafiyar da ita tun 2008: BirdLife International, da Conservation International, da IUCN, wato ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, da cibiyar UNEP-WCMC ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Cambridge a Ingila. Aikinta shi ne ta tara manyan rumbunan bayanai uku a wuri ɗaya, ta ɗora su a kan taswira, ta yadda mutum zai nuna filin da ake son yin aiki a kai, ita kuma ta faɗa masa abin da aka sani game da halittun wurin da kewayensa. Rumbunan su ne Jan Kundin IUCN na halittun da ke cikin haɗari, da kundin wuraren da gwamnatoci suka keɓe don kariya, irin su gandayen daji da wuraren ajiyar namun daji, sai kuma kundin Muhimman Wuraren Halittu, waɗanda masana suka tabbatar suna da tasiri wajen wanzuwar wasu nau'o'i ko da babu wata doka da ta keɓe su.

Bukatar irin wannan hidima ta taso ne daga doka. Amurka ce ta fara wajabta nazarin tasirin aiki a kan muhalli da dokar NEPA wadda ta fara aiki a farkon 1970, ƙasashen Turai suka bi sahu da umarninsu na bai ɗaya a 1985, sannan ƙa'ida ta 17 ta sanarwar Rio ta 1992 ta mayar da abin ya zama al'adar da kusan kowace ƙasa ta ɗauka. A wurare da dama nauyin yana sauka ne a kan ƙananan hukumomi. A jihar Kalifoniya, ƙarƙashin dokar CEQA ta 1970, birane da gundumomi ne ke jagorantar nazarin yawancin ayyukan gini da suke ba wa izini. A Ingila kuma, tun Fabrairun 2024, hukumomin tsara gari na yankuna ne ke tabbatar da cewa sabon gini ya ƙara wadatar halittu da aƙalla kashi 10 cikin 100 a kan abin da ya tarar, tare da alkawarin kula da wurin har shekara 30. Matakin farko na kowane irin wannan nazari shi ne tantancewa: shin wannan aiki yana bukatar cikakken bincike, ko kuwa ƙaramin abu ne da za a iya barin sa ya wuce? A wannan mataki ne IBAT take neman gurbi.

Yin amfani da ita ba shi da wahala ga wanda ya saba da taswirar kwamfuta. Bayan mutum ya yi rajista, yana iya sanya ɗigo a wurin aikin, ko ya ja layi idan hanya ce ko bututu ko wayar lantarki, ko ya zana iyakar fili, ko kuma ya loda fayil ɗin iyakokin da masu safiyo suka riga suka shirya. Daga nan sai ya zaɓi nisan da yake son a duba a kewaye, manhajar kuma ta fitar da rahoto da ke jera gandayen daji da Muhimman Wuraren Halittu da ke cikin wannan tazara, da kuma halittun Jan Kundi da yankin zamansu ya ratso ta wurin, kowanne da matakin haɗarinsa. Aikin da a da yake bukatar rubuta wasiƙu zuwa ma'aikatu da jami'o'i da jiran amsa na makonni, yanzu yana kammaluwa a zama ɗaya. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga ofishin da doka ta ba kwanaki ƙididdigaggu ya amsa wa mai neman izini.

Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne tana hana wani nau'in yaudara da ya zama ruwan dare a rahotannin muhalli. Mai aiki ne yake biyan kamfanin da ya rubuta masa rahoto, kuma ba baƙon abu ba ne a ga rahoto mai kauri da ya cika shafuka da bayanin yanayin iska da ƙura da hayaniyar injuna, amma ya tsallake cewa akwai dausayin da aka yi wa rajista ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda ke kare dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a nisan kilomita kaɗan daga wurin. Jami'in da yake da IBAT a gabansa zai iya gano wannan giɓi ba tare da ya dogara ga maganar mai rahoto ba, kuma abin da zai nuna masa a matsayin hujja bayanai ne da manyan bankuna da gwamnatoci suka amince da su, don haka mai aiki ba zai iya cewa son rai ne ko ƙiyayya ta jami'i ba. Ga aikin da yake da zaɓin wurare biyu ko uku, ko hanyar da za a iya karkatar da ita tun tana kan takarda, manhajar tana nuna wanda ya fi sauƙin illa tun kafin a kashe kuɗi mai yawa. Masu wannan fanni suna da tsari na mataki huɗu da suke bi: a fara da kauce wa ɓarna, idan ta gagara a rage ta, sannan a gyara abin da ya lalace, diyya a wani wuri kuma ita ce ta ƙarshe. Matakin farko shi ne mafi arha kuma mafi tabbas, kuma a kansa IBAT take da ƙarfi sosai.

Kundin wuraren da aka keɓe shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin fahimta, kuma ana sabunta shi kowane wata. Rahoton Protected Planet na 2024, wanda aka gina a kan wannan kundi, ya nuna cewa kashi 17.6 cikin 100 na tudu da ruwayen cikin ƙasa, da kashi 8.4 cikin 100 na teku, suna cikin wuraren da ke da wata irin kariya, alhali ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kai wa kashi 30 kafin 2030 a yarjejeniyar Kunming da Montreal ta Disambar 2022. Sai dai ingancin kundin ya danganta ga abin da gwamnatoci suka aika. Wasu wuraren an shigar da su a matsayin ɗigo kawai ba tare da zanen iyaka ba, wasu iyakokin kuma tsofaffi ne da ba su dace da alamun da ke ƙasa ba. Haka nan kasancewar sunan gandun daji a kundi ba ya nuna ko akwai sauran bishiya ko dabba a cikinsa. Jami'in ƙaramar hukuma, wanda ya fi kowa kusa da takardun filaye na yankinsa, ya kamata ya gwada abin da ya gani a allo da takardar doka da ta kafa gandun, domin ita kotu za ta duba idan rikici ya tashi.

Muhimman Wuraren Halittu sun haura 16,000 a duniya, kuma tun 2016 akwai ma'auni ɗaya da ake bi wajen ayyana su. A ganina wannan ɓangare ne ya fi amfani ga ƙaramar hukuma, domin da yawa daga cikin waɗannan wurare ba su da wata kariya ta doka, ba sa fitowa a taswirar gwamnati, kuma izinin gini na yau da kullum shi ne zai iya cinye su ba tare da kowa ya lura ba. Amma yana da kyau a san tarihinsu. Mafi yawansu sun samo asali ne daga wuraren da BirdLife da abokan aikinta suka daɗe suna tantancewa saboda tsuntsaye, don haka kundin ya fi ganin tsuntsu fiye da kifi ko kwaɗo ko tsiro. Tafkin da tsuntsaye masu ƙaura suke sauka a kai dubbai zai iya samun shiga, ƙaramin rafin da wani kifi da babu irinsa a ko'ina yake zaune a ciki kuwa yana iya zama ba a ko ambace shi ba.

Jan Kundin ne ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne mai amfani ya fi saurin ruɗewa. An fara kundin a 1964, kuma zuwa yanzu an tantance nau'o'i fiye da 160,000, waɗanda fiye da 45,000 daga cikinsu suke cikin haɗarin ƙarewa. Adadin yana da girma, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na halittun da kimiyya ta riga ta ba wa suna ba, wato kimanin miliyan biyu. An gama tantance tsuntsaye gaba ɗaya, an yi nisa sosai da dabbobi masu shayarwa da kwaɗi da dangoginsu da masu jan ciki, amma ƙwari da naman kaza da ƙananan halittun ruwa kaɗan ne aka taɓa. Akwai kuma rukunin halittun da aka duba aka ce bayanai ba su isa a yanke musu hukunci ba, kuma waɗannan ba sa jan hankali a rahoto duk da cewa wasunsu suna iya kasancewa a bakin ƙarewa. Ita kanta IUCN tana ɗaukar tantancewar da ta wuce shekara goma a matsayin wadda ke bukatar sabuntawa, kuma irin waɗannan suna da yawa.

Matsala ta biyu ita ce yanayin taswirar kanta. Taswirar yankin zaman dabba a Jan Kundi zane ne mai faɗi da ke kewaye duk inda ake zaton tana rayuwa, har da garuruwa da gonaki da ke tsakani. Idan aka haɗa wannan da da'irar kilomita 50 da ake amfani da ita wajen fitar da jerin halittu, sai a ga ana magana a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 7,850. Ga ma'adanar da za ta haƙa rami mai girman gari, ko madatsar ruwa da za ta sauya kogi baki ɗaya, wannan ma'auni ne mai ma'ana. Ga makaranta ko kasuwa ko gidan mai da za a gina a kan hekta biyu kuwa, jerin yana fitowa da tsawo ƙwarai, cike da sunaye na kimiyya cikin harshen Latin, har da dabbobin da suka daɗe da barin yankin ko waɗanda ke zaune a kan wani dutse mai nisa da ba shi da alaƙa da filin. Jami'in da bai saba ba zai iya firgita ya tsayar da aikin da ba shi da illa, ko kuma, wanda ya fi faruwa, bayan ya ga irin wannan jeri a kowane aiki sai ya daina karanta shi. Ba a cika ambaton wannan illa ta biyu ba, amma ita ce ta fi muni, domin ranar da sunan da ya dace a tsaya a kansa ya fito, ido ya riga ya saba da wucewa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abin da rahoton bai faɗa ba. IBAT tana maimaita abin da aka riga aka gano aka rubuta ne kawai, kuma rahoton da ya fito babu gandun daji, babu Muhimmin Wuri, yana iya nufin wurin ba shi da wani abu na musamman, yana kuma iya nufin babu masanin da ya taɓa zuwa ya duba. Manhajar ba ta da hanyar bambance waɗannan biyu ga mai karatu. Tarihin kwaɗon Kihansi na Tanzaniya ya nuna girman wannan giɓi, ko da yake abin ya faru ne kafin a ƙirƙiri IBAT. An gano wannan ƙaramin kwaɗo a 1996 a kwazazzabon Kihansi da ke tsaunukan Udzungwa, a lokacin da aikin madatsar ruwa ta samar da lantarki, wadda Bankin Duniya yake cikin masu ba ta kuɗi, ya riga ya kankama. Duk duniyarsa ba ta wuce kimanin hekta biyu na ciyawa da feshin ruwan da ke zubowa daga dutse yake jiƙawa ba. Da madatsar ta karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan, feshin ya ragu, wurin ya bushe. An kafa famfunan yayyafi don ceto shi, an kwashi kusan 500 zuwa gidan ajiyar dabbobi na Bronx a Amurka, amma wata cutar fata da ke kashe kwaɗi ta ƙarasa na dajin, IUCN kuma ta ayyana a 2009 cewa ya ƙare a mazauninsa, kafin a fara mayar da waɗanda aka hayayyafa a 2012. Da a ce akwai irin wannan manhaja a farkon aikin, ba za ta ambaci kwaɗon ba, domin a lokacin babu shi a kowane kundi. Mutanen da suka sauka cikin kwazazzabon da ƙafarsu ne suka gan shi.

Akwai wani misali na baya-bayan nan. A 2017 ne masana suka tabbatar da cewa goggon birin orangutan da ke dajin Batang Toru a arewacin Sumatra ta Indonesiya nau'i ne mai zaman kansa, wanda aka sa wa sunan Tapanuli, kuma yawansa bai kai 800 ba. Kafin nan ana lissafa shi ne cikin sauran orangutan na Sumatra, don haka babu kundin da zai gaya wa mai tantance madatsar ruwan da aka tsara a wannan daji cewa duk nau'in gaba ɗaya a nan yake zaune. Ilimin halittu yana motsi, rahoton da aka buga bara kuma hoton abin da aka sani bara ne.

Adalci ne a faɗi cewa masu manhajar ba su ɓoye wannan ba. Suna bayyana a fili cewa kayan tantancewar farko ce, ba ta maye gurbin binciken fili ko tuntuɓar masana da mutanen wurin. Matsalar tana tasowa ne a ofis mai ƙarancin ma'aikata da yawan takardu, inda rahoto mai kyan tsari, ɗauke da sunayen manyan ƙungiyoyi huɗu, yake da nauyin da zai iya rufe bakin duk mai tambaya. Mai neman izini zai iya manna shi a bayan takardunsa ya ce ga shaida, duniya ta duba ba ta ga komai ba. Idan ƙaramar hukuma ta karɓi wannan a matsayin hujjar tsallake binciken fili, to manhajar da aka gina don kare mazaunin namun daji ta zama hanyar halatta rushe shi, kuma laifin yana wuyan wanda ya karɓa.

Akwai abubuwa biyu na aikin ƙaramar hukuma da manhajar ba ta kama su da kyau. Na farko shi ne taruwar ƙananan ɓarna. Daji ko fadama a gefen gari ba kasafai aiki ɗaya yake cinye su ba. Izini ɗari ne, kowanne ƙarami, kowanne ya wuce tantancewa lafiya, har wata rana a waiwaya a ga babu sauran komai. IBAT tana duba aiki ne a kan taswirar halittu, ba ta san izinin da aka bayar bara a filin da ke maƙwabtaka ba, ba ta kuma san wanda ke kan layi ba. Wannan lissafi sai ofishin da kansa ya riƙe shi. Na biyu shi ne burtalin namun daji, wato hanyoyin da dabbobi suke bi tsakanin wurin kiwo da wurin ruwa da wurin haihuwa. Filin da ke tsakanin gandayen daji biyu yana iya fitowa fari fat a taswira alhali shi ne ke haɗa su, kuma katanga ɗaya ko babbar hanya ɗaya ta isa ta raba garke gida biyu. A gandun Banff na Kanada sai da aka gina gadoji 6 da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa 38 don dabbobi su riƙa tsallake babbar hanyar da ta ratsa wurin, tare da shinge a gefenta, abin da ya rage karon motoci da namun daji da fiye da kashi 80 cikin 100. Sanin inda za a sa irin waɗannan mashigai ya fito ne daga bin sawun dabbobi na shekaru, aikin da taswirar duniya ba za ta yi ba.

Duk wanda ya duba nau'o'in rahoton da manhajar take fitarwa zai gane waɗanda aka gina ta dominsu. Akwai rahoto na musamman da aka tsara a kan ƙa'ida ta 6 ta IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, da takwararta ta Bankin Duniya kansa, inda ake neman sanin ko wuri ya kai matsayin mazauni mai tsananin muhimmanci. Akwai na kamfanin da ke da wurare da yawa yana son ya jera su bisa haɗari, akwai kuma ma'aunin STAR da aka wallafa a 2021, wanda ke ƙiyasta gudummawar da rage barazana ko farfaɗo da daji a wani wuri zai bayar wajen hana ƙarewar halittu. Waɗannan kayan bankuna ne da kamfanonin haƙar ma'adinai da na mai da na lantarki. Ƙaramar hukuma baƙuwa ce a wannan gida, ko da yake baƙuwar da za ta iya amfana. Rahoton ruwa, wanda yake bin tsarin kogi ya duba halittun da ke sama da ƙasa da wurin aiki, shi ne wanda na fi ba ta shawarar ta kula da shi, domin gurɓataccen ruwa da laka ba sa tsayawa a cikin da'ira, gangare suke bi.

Batun kuɗi yana da fuska biyu. Rajista da kallon taswira kyauta ne, amma cikakkun rahotanni da sauke bayanai don amfanin kasuwanci sai an biya, ko dai rahoto ɗaya ɗaya ko kuɗin shekara. Ba na ganin laifin wannan, domin wani nazari da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa an kashe kimanin dala miliyan 160 wajen gina waɗannan kundaye uku da wani na huɗu makamancinsu, ban da aikin sa kai na masana masu yawa, kuma kuɗin da kamfanoni suke biya yana komawa ne wajen kula da su. Amma ofishin da kasafinsa bai isa ya sa mai a motar zuwa duba fili ba, bai kamata ya fifita biyan kuɗin shekara a kan wannan mota ba. Hanya mafi dacewa ita ce a ɗora nauyin a kan mai neman izini, ya sayi rahoton ya haɗa da takardunsa, jami'i kuma ya yi amfani da taswirar kyauta da shafin Protected Planet da na Jan Kundi, waɗanda a buɗe suke ga kowa, ya tabbatar da abin da aka kawo masa.

Inda ƙasa take da nata tsarin, shi ya kamata a fara dubawa. Amurka tana da IPaC ta hukumar kula da kifi da namun daji, wadda kyauta ce kuma tana fitar da jerin halittun da dokar ƙasar ta 1973 ta kare a wurin da aka nuna. Afirka ta Kudu tana da manhajar tantancewa ta gwamnati wadda tun 2019 ya zama dole a haɗa rahotonta da takardar neman izinin muhalli, Ostireliya ma tana da makamanciyarta ƙarƙashin dokarta ta 1999. Waɗannan sun fi IBAT amfani a ƙasashensu saboda suna magana da harshen dokar da jami'i zai yi hukunci da ita, kasancewar dabba a Jan Kundi kuwa ba ya ba ta kariyar doka a ko'ina sai idan ƙasa ta rubuta hakan a dokarta. IBAT ta fi daraja a ƙasashen da ba su da irin wannan tsari, kuma abin takaici, a irin waɗannan ƙasashe ne bayanan da ke cikinta suka fi yawan giɓi. Ana iya cike wani ɓangare na giɓin da rumbun GBIF, wanda ke ɗauke da bayanan ganin halittu fiye da biliyan biyu, da eBird don tsuntsaye, da Global Forest Watch wadda ke nuna asarar bishiyoyi shekara shekara tun daga 2001 ta hotunan tauraron ɗan adam, muddin an tuna cewa bayanan gani sun fi taruwa a bakin hanya da kusa da birane, ita kuma Global Forest Watch ba ta da abin faɗa sosai a kan ciyayi da fadama.

Hukuncina shi ne IBAT ta cancanci zama a teburin duk ofishin da ke ba da izinin manyan ayyuka, hanyoyi da madatsun ruwa da masana'antu da manyan rukunin gidaje, kuma idan ta nuna akwai abu a wuri, to a ɗauki maganarta da muhimmanci, domin da wuya ta ambaci gandun daji ko Muhimmin Wuri a banza. Ga ƙananan izini na yau da kullum kuwa, sayen rahoto ga kowane fili asarar kuɗi ne. Ya fi kyau a duba yankin ƙaramar hukumar gaba ɗaya sau ɗaya, a haɗa sakamakon da binciken masana na kusa da sanin mafarauta da masunta da makiyaya da manoman da suka san inda dabbobi ke sha da inda tsuntsaye ke sheƙa, a fitar da taswirar gida da za a riƙa gwada kowane izini da ita. Idan kuma mai neman izini ya kawo rahoton IBAT, jami'i ya duba ranar da aka fitar da shi, da nisan da aka zaɓa, da ko iyakar da aka zana ta haɗa da hanyar shiga da wurin ɗibar yashi da inda ruwan aikin zai malala, sannan ya nemi a nuna masa binciken fili da aka yi a lokacin ruwa da lokacin rani duka, domin kwaɗi da tsuntsaye masu ƙaura da tsirrai da yawa ba sa bayyana sai a lokacinsu.